Kuɗi ya kusa ƙarewa, bene bai kai dal ba: yadda ake dawo da aikin gini kan hanya

"Assalamu alaikum Malam Injiniya. Ni ɗan kasuwa ne a Duwala, amma gida Marwa. Shekara ɗaya da rabi ke nan da na fara ginin bene a filina, shaguna huɗu a ƙasa, gidan zama a sama, faɗinsa mita 10, tsawonsa mita 12. Ƙanena ne ke riƙe da kuɗi, maginin kuwa shi ne ya yi wa maƙwabcinmu gida. Da farko ya ce wata takwas zai gama. Yau bango ya kai linta, wato kankaren saman ƙofa da taga, ba a zuba dal ba, wato kankaren da ke raba hawan ƙasa da na sama, kusan kashi biyu cikin uku na abin da na ware ya tafi. Duk mako sai a bugo a ce siminti ya ƙare ko rodi bai isa ba. Ba na son in zargi ɗan'uwana, ba na kuma son in ci gaba da zuba kuɗi a rijiya. Ga damina tana tafe. Yaya zan yi in kama ragamar aikin nan daga nesa?"

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa a shiga lafiya. Tambayarka ɗaya ce a baki, amma abu uku ne a cikinta: ina kuɗin da aka kashe ya shiga, shin abin da ke tsaye yanzu zai iya ɗaukar bene, sannan da wane tsari za a ƙarasa ba tare da an koma gidan jiya ba.

Bari in fara da abin da zai ɗan sanyaya maka rai game da ƙanenka. Yawancin gine-ginen da ke tsayawa a linta ba sata ce ta tsayar da su ba, rashin ma'auni ne. An fara aiki babu takardar ƙiyasi, wadda a nan muke kira debi, mai faɗin buhu nawa, rodi nawa, tifa nawa kowane mataki zai ci. In babu ita, magini bai san lokacin da ya wuce ƙima ba, mai riƙe da kuɗi ba shi da hujjar cewa a'a, kai kuma kana aika kuɗi bisa kiran waya, ba bisa aikin da aka auna ba. Wata takwas ɗin da magini ya faɗa ma fata ne, ba lissafi ba ne. A aikinmu, tushe da bangon ƙasa na bene irin naka da wuya su wuce kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na kuɗin ginin gaba ɗaya, domin dal, hawa na sama, rufi, shafe, tayil, ƙofofi, wuta da famfo duk suna gaba. Tun da kashi biyu cikin uku ya tafi, ko dai abin da ka ware tun asali bai kai ba, ko akwai inda ke yoyo, kuma sau da yawa duka biyun ne. Awo ne kaɗai zai raba maka su.

A dakata mako biyu, a auna

Kada ka ƙara aika ko dala ɗaya don sayen kaya. Haƙƙin magina da leburori na aikin da suka riga suka yi, wannan a biya su yau, ba ya cikin abin da ake dakatarwa. Sannan ka ɗauki mutum ɗaya mai ilimin gini, injiniya ko gogaggen teknisiyan, wanda ba abokin magininka ba ne, ba kuma shi ya kawo shi ba. Marwa ba ta rasa su ba, jami'ar garin ma tana da babbar makarantar fasaha da ke yaye su. Aikinsa na farko shi ne ya ɗauki tef ya bi ginin ɗaki ɗaki, ya mayar da abin da ke tsaye zuwa buhun siminti da sandar rodi.

Lissafin ba ɓoyayye ba ne, kai ma za ka iya bin sawunsa daga Duwala. Bulo na 15, wato mai kaurin santimita 15, tsawon 40 da tsayin 20, murabba'in mita ɗaya na bango yana cin 12 da rabi. A ce jimillar bangon ƙasa mita 70 ne, tsayinsa mita 3, an cire ƙofofin shaguna da tagogi ya rage murabba'in mita 170: bulo 2,125 ke nan. Buhu ɗaya mai kilo 50, in ana son bulo mai ƙwari, yana fitar da 30 zuwa 35, to bugun bulon ya ci kamar buhu 65. Ɗora shi kuma buhu ɗaya yana ɗora 60 zuwa 70, wato wajen buhu 33. Kankaren da ke ɗaukar nauyi ana kwaɓa shi kilo 350 na siminti a kubik ɗaya, buhu 7 ke nan. Ginshiƙi mai santimita 20 da 20, tsawon mita 3, kubik 0.12 ne, bai ma cinye buhu guda ba, ginshiƙi ashirin ba za su wuce buhu 17 ba. Ƙafar ginshiƙi a cikin tushe mai mita ɗaya da mita ɗaya, kaurin santimita 30, buhu 2 ce da ɗan ɗoriya. Haka za a bi ɗamarar ƙasa, bulon tushe na 20 da ake cika cikinsa da kankare, linta da daɓen ƙasa, a tara, a ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na zubewa da fashewa, sai a ɗora jimillar kusa da rasit.

Amsar tana iya fitowa ta fuska biyu, kuma wadda mutane ke murna da ita ita ce ta fi ba ni tsoro. In an sayi buhu 400 amma ginin bai nuna fiye da 280 ba, akwai ɓarna: wani ya daskare a ɗaki mai laima, wani ya tafi gyaran aikin da aka rushe, wani ƙila ya bi ta bayan katanga. Wannan asarar kuɗi ce, ana iya jurewa. Amma in ginin yana bukatar 280 aka ga 200 kawai aka saya, to an tsuke siminti, an buga bulo 50 a buhu, an yi kankare mai yashi da yawa, kuma a kansa ake shirin ɗora iyalinka. Gwajin farko mai sauƙi ne. A ɗaga bulo zuwa ƙirji a sake shi a ƙasa mai tauri, na kirki zai tsaya ko ya rabu biyu, na banza zai watse kamar garin rogo. A karce ginshiƙi da ƙusa, in yana zubo da yashi akwai magana.

Rodi kuwa sikeli ne alƙalinsa. Sanda cikakkiya mita 12 ce. Na 12, wato mai kaurin milimita 12, nauyinta kilo 10.6, na 10 kilo 7.4, na 8 kilo 4.7. A kasuwa akwai wanda ake sayarwa da sunan 12 alhali bai kai ba, farashinsa ya ɗan sauka, mai saye yana ganin ya yi dabara. Daga yau duk lodin da ya zo a ciro sanda uku a auna kafin a sa hannu.

Shin tushen zai ɗauki bene?

Ban ga filinka ba, kuma zurfin tushe da girman rodi ba abu ne da mai gaskiya zai yanke maka ta waya ba. Abin da zan iya faɗa shi ne yadda ake binciken. A haƙa gefen ƙafar ginshiƙi biyu ko uku, ɗaya a kusurwa, ɗaya a tsakiyar gini inda nauyi ya fi taruwa, a ga zurfi da faɗi da irin ƙasar da ta zauna a kai. A ɗan fasa fatar ginshiƙi ɗaya a ƙirga rodin da ke ciki da tazarar zobban da ke ɗaure shi. Akwai wata guduma ta musamman da ake buga wa kankare ta nuna ƙarfinsa ba tare da an fasa ba, ana samunta wajen LABOGENIE, wato ɗakin gwajin gine-gine na ƙasa, da wasu ɗakunan gwaji masu zaman kansu. Wannan binciken shi ne zai ce a ci gaba, ko a ƙara wa wasu ginshiƙai riga ta kankare, ko a haƙura da bene a yi rufin kwano.

Dalilin da ya sa nake matsawa a nan ƙasar yankin ce. Marwa unguwa da unguwa sun bambanta. Wani wuri yashi ne na bakin mayo, wato kogi, wani wuri kuwa baƙar laka ce, wadda Fulani ke kira karal, inda ake dasa masakwa bayan damina. Da rani tana darewa har hannu ya shiga tsagar, da damina ta sha ruwa ta kumbura ta ɗaga abin da ke kanta. Gini a kan irinta ba ya faɗuwa rana ɗaya, yana hawa yana sauka ne shekara shekara, sai ka ga tsaga ta taso daga kusurwar taga a karkace, ƙofar ƙarfe ta daina rufuwa. Don magini ya yi wa maƙwabcinka gida ƙasa-ƙasa ya zauna lafiya, ba shi ke nuna ya san nauyin bene ba. In filinka karal ne, ban da abin da injiniya zai ce a kan tushe, a zagaye ginin da daɓen kankare mai faɗin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi mai gangara zuwa waje, a sa indararo ya kai ruwan rufi nesa, a nisanta ramin masai da na wanka daga tushe, kada kuma a dasa darbejiya jikin bango, saiwarta tana tsotse laimar gefe ɗaya ta bar ɗayan. Masu gini a Kusiri da Njamena su ƙara da duban tsayin daɓe a kan titi, ambaliyar 2022 da ta 2024 ta nuna inda ruwan Logon da Shari ke kaiwa.

A cikin makon biyun nan kuma a nemo zane. In babu, injiniya ya zana abin da ke tsaye, ya fitar da zanen rodin dal da matakala da bim, wato kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai yana ɗauke da dal. Dokar tsara birane ta 2004 ta wajabta izinin gini daga ofishin magajin gari, kuma gara a nema yanzu da a zo a shafa jan fenti a bango ranar da injin kwaɓa ke haya a ƙofa.

Hannu uku, kada su zama ɗaya

Kowane aikin gini yana da mai riƙe da kaya da kuɗi, da mai yin aiki, da mai dubawa ya ce an yi daidai. Matsalar naka ita ce na ukun babu shi, na farkon kuma an ɗora masa abin da ba sana'arsa ba. In magini ya ce wa ƙanenka a kawo buhu 40, da me zai musa? Saboda haka kada ka cire shi, ka sauya masa aiki. Ya zama mai ajiyar kaya: littafi ɗaya, kowace rana abin da ya shigo, abin da ya fita, aka yi me da shi, mutum nawa suka yi aiki. Buhunan da aka juye a ɗaure su goma goma a ajiye, mai dubawa ya ƙirga su duk mako. Ka yanka masa albashi na wata, ko kaɗan ne. Mutumin da ya bar harkarsa yana yini a rana shekara ɗaya da rabi kyauta, ko shi waliyyi ne, la'adar da mai shagon siminti zai miƙo masa za ta yi masa kama da halal. Ka gaya masa a fili cewa rubutun nan kariya ce gare shi, addini ma ya ce a rubuta, ba don ana zargin kowa ba.

Mai dubawa kai za ka biya shi kai tsaye, kada kuɗinsa ya bi ta hannun magini ko na ƙanenka. Ba sai ya kwana a wurin ba. Ya zo sau biyu a mako, sannan dole ya zo a duk ranar da za a rufe wani abu da ba za a sake gani ba: rodi kafin a zuba kankare, bututun ruwa kafin a binne, bututun waya kafin shafe. Ƙa'idar guda ce, ba a rufe komai sai ya sa hannu. Hotunan da zai turo maka ta WhatsApp su kasance da tef a jikin abin da aka ɗauka, domin hoton rodi daga nesa ba ya faɗin ko tazarar santimita 15 ce ko 25.

Manyan kaya kuma ka biya mai shago da kanka ta Orange Money ko MTN, ƙanenka ya karɓa ya ƙirga ya turo hoton takardar kawo kaya. Abin da zai rage a hannunsa kuɗin yau da kullum ne: ruwa, waya ta ɗauri, ƙusa, man inji.

Jinga, da yadda kuɗi ke bin aiki

Hanya uku ake ba da gini. Akwai kwangila da kaya duka, mai sauƙi ga na nesa, amma duk buhun da ɗan kwangila ya rage ribarsa ce, sai da ido mai kaifi. Akwai biyan yini, wanda ke sa aikin kwana uku ya zama na mako. Ga halin da kake ciki na fi son ta uku: jingar hannu mataki mataki, kaya naka. Kafinta jingarsa daban a kan katakon dal, mai ɗaurin rodi daban, magini daban, kowanne da farashi da adadin kwanaki a rubuce, da shaidu biyu.

Kafin alƙalami kada ya wuce kashi 20 cikin 100 na jingar matakin, sauran a biya bayan mai dubawa ya auna, a riƙe kashi 10 sai an cire katako an ga aiki lafiya. Ba ni na ƙirƙiro waɗannan lambobi ba, su ne iyakar da dokar kwangilolin gwamnatin Kamaru ta 2018 ta sa, har da tarar jinkiri ta kashi ɗaya cikin 2,000 na kuɗin aiki a kowace rana a wata na farko. Kai ba gwamnati ba ne, amma in magini ya ce ka tsananta, kana da abin nuna masa. Sirrin dai kada kuɗi ya riga aiki. Ranar da magini ya karɓi fiye da abin da ya gina, daga ranar kai ke binsa, sai ya kama wani aiki a wata unguwa yana leƙo naka ranar da ya ga dama. Sai dai adalci hanya biyu ne: in aiki ya cika, kuɗi ya fita cikin kwana biyu. Mai gida da ke jan ƙafa wajen biya shi ke koya wa ma'aikata ƙara lissafi don su rama.

Akwai kuma laifin da ke naka, Alhaji, in ka yarda in faɗa. Mai gini na nesa yakan ga wani gida a Duwala ya bugo ya ce a matsar da ƙofa, a ƙara banɗaki, a faɗaɗa baranda. Kowane irin wannan kira rushewa ne da sabon siminti da kwanaki, kuma ba wanda ke rubutawa. Daga yanzu duk canji a rubuta kuɗinsa da kwanakinsa, ka amince, sannan a taɓa bango.

Lokaci irin na Marwa

Jadawalin da bai san damina ba takarda ce kawai. Ruwa yana kankama a Yuni, ya yi ƙarfi a Yuli da Agusta. Yashin da ake ɗiba a Mayo Kaliyawo da Mayo Tsanaga da rani yake samuwa cikin sauƙi, da zarar mayo ya kawo ruwa tifa ba ta shiga, farashi ya tashi. To yashi da tsakuwar dal, har da na shafe, a tara su yanzu. A gwada yashin da kwalba: a zuba shi tsayin santimita 10, a cika ruwa, a girgiza, a bar shi ya kwana. In lakar da ta kwanta a sama ta wuce rabin santimita da ɗan kaɗan, a wanke shi ko a canza wuri. Leburori da yawa manoma ne, da ruwan farko za su tafi gona, wajen Satumba da Oktoba kuma dashen masakwa ya sake ɗauke su. In azumi ya faɗo cikin aikin, a rage abin da ake tsammani a yini, kada a sa zuba kankare da tsakar rana.

Rodi yawanci daga kudu yake zuwa, ta jirgin ƙasa ko mota zuwa Ngawundare, sannan ya gangaro ta Garwa, don haka wani girman yakan yanke a kasuwa mako guda ko biyu. Shi ba ya lalacewa in an ɗaga shi daga ƙasa, a saye shi duka tun wuri bisa zane. Siminti akasin haka ne. Masana'antar Figil tana nan tsakanin Garwa da Marwa, ba dalilin tara na wata uku. A sayi na mako biyu, a jera a kan katako nesa da bango, kada jeri ya wuce buhu goma, wanda ya fara shigowa ya fara fita. Buhun da ya yi ƙulalai masu tauri ba ya shiga dal.

Ranar zuba dal

Wannan rana ita ce rabin aikin da ya rage maka a ƙasa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Dal mai bulon urdi, wato bulo mai rami da ake jerawa a zuba kankare a kansa, 16 da 4 (urdi santimita 16, kankare 4), yana cin urdi 8 zuwa 10 a murabba'in mita gwargwadon girmansa, da kankare wajen lita 75. Murabba'in mita 120 kamar kubik 9 ne, a ƙara bim da matakala ya kai wajen 13, buhu 91 ke nan, a ajiye 100. Kowane buhu baro ɗaya na yashi, baro biyu na tsakuwa, ruwa kada ya wuce lita 25, in yashin jiƙaƙƙe ne a rage. A nan ake yawan kashe dal: leburori suna son kankare mai ruwa don ya fi saurin zuba, kowane bokitin da aka ƙara kuwa ƙarfi ne ya tafi. A sa mutum ɗaya a bakin inji, aikinsa ruwa kawai. Ƙaramin injin kwaɓa buhu ɗaya yake ɗauka a zubi, minti huɗu zuwa biyar, to buhu 91 awa bakwai ne ba tsayawa. A watan Afrilu zafi yana haura digiri 40, wanda ya fara da hantsi zai ƙare da kankare yana bushewa a baro. Ko a fara bayan sallar asuba da inji biyu, ko a fara bayan la'asar a kunna fitilu. Injin girgiza da mansa su kwana a wurin, ruwa ya cika tanki tun jiya.

Kwana ɗaya kafin nan mai dubawa zai hau sama. Sandunan tokare tazararsu kada ta wuce mita ɗaya, kowanne ya zauna a kan katako, ba a kan cikon ƙasa ko guntun bulo ba. Rodi ya ɗagu daga katako da 'yan ƙulalan siminti masu kaurin santimita biyu da rabi, in ya kwanta a kan katako zai yi tsatsa ya fasa silin cikin 'yan shekaru. Inda sanda biyu suka haɗu su hau juna tsawon kaurinsu sau 50, na 12 santimita 60 ke nan. Bututun waya da ramukan famfo a sa su yanzu, kada a zo ana fasa bim da guduma daga baya. Sai baranda mai fitowa waje ba ginshiƙi a ƙarƙashinta: ƙarfenta a sama yake aiki, ba a ƙasa ba. In masu baro suka tattake shi ya kwanta, barandar za ta yi kyau ranar da aka cire katako, wata rana kuma ta sauko da wanda ke kanta. A shimfiɗa katakon tafiya, kada baro ya hau rodi. A jiƙa urdi kafin zuba. A cika kwalaben gwaji shida daga kankaren ranar, a fasa uku a kwana 7, uku a kwana 28. In wani abu ya faru dole a tsaya, a tsaya inda injiniya ya nuna tun safe.

Bayan zuba, kankare ba bushewa yake so ba, jiƙa yake so. Da ya kama, a rufe shi da jiƙaƙƙen yashi ko buhunan algarara, ko a yi masa ɗan bakin siminti a tare ruwa a kai, kwana bakwai ba fashi, safe da rana da yamma. Iskar rani a nan tana shanye ruwan fuskar dal cikin awa guda, shi ne tsagar nan kamar saƙar gizo. Kuɗin ruwan da na yaron da zai riƙa zubawa su shiga debi. Tokare kuma ba a cire shi kafin kwana 21, na baranda da dogayen bim 28, ko da mai katako yana ƙofa yana cewa akwai wani aiki da ke jira.

In kuɗin da ya rage bai kai ba

Bayan awo za ka sami lamba biyu, abin da ya rage a hannu da abin da ya rage a gini. In na farkon bai kai na biyun ba, kada a warwatsa shi ana ɗora bangon sama rabi da rabi. A zuba dal kafin Yuni, a gama shaguna huɗun sarai, ƙofa, shafe, daɓe, wuta, a ba da haya, hayar ta riƙa tara wa sama. Sai dai dal ɗin urdi bene ne, ba rufi ba ne, santimita huɗu na kankare ba ya hana ruwan Agusta sauka kan kayan 'yan haya. A yi masa shafe mai gangara zuwa bututun fita, a shafa maganin hana yoyo, a rufe bakin matakala da ɗan ɗaki ko kwano. Rodin ginshiƙan sama a bar shi ya fito aƙalla santimita 60 in na 12 ne, a shafe shi da ruwan siminti, a kewaye shi da bulo a cika da kankare mara ƙarfi wanda za a fasa cikin sauƙi ranar ci gaba. In aka bar shi tsirara damina uku, tsatsa za ta cinye shi daidai bakin dal, inda ginshiƙi ya fi bukatarsa.

Kai kuma, duk yadda kasuwa ta riƙe ka, ka zo Marwa sau biyu: ranar da za a zauna a karanta sakamakon awo a gaban ƙanenka da magini, da jajibirin zuba dal, ka hau sama da ƙafarka ka ga rodin kafin a rufe shi.